Ƙulle-ƙullen Da Ke Cinye Tunanin Mutum

A cikin watan Nuwamba na shekarar 1901 aka kai wata mata mai suna Auguste Deter asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a ƙasar Jamus. Shekarunta 51, amma in aka ce ta rubuta sunanta sai ta fara, ta tsaya, ta manta abin da take yi. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, bai daina bin al'amarinta ba har ta rasu a 1906. Da ya bincika ƙwaƙwalwarta da madubin likita mai ƙara girman abu, sai ya tarar da waɗansu zarurruka sun cukurkuɗe cikin ƙwayoyin jijiya, waɗansu ƙwayoyin ma sun mutu, sai ƙullin kaɗai ya rage a gurbinsu. Sunan wannan likita aka laƙaba wa cutar.

Sai da aka shekara tamanin kafin a san abin da zarurrukan suka ƙunsa. A 1975 masana a Jami'ar Princeton ta Amurka suka gano wani furotin suka sa masa suna tau, a 1986 kuma aka tabbatar shi ne ke yin ƙullin.

Shi tau asalinsa abu ne mai amfani. Kowace ƙwayar jijiya tana da dogon hannu wanda take aika saƙo ta cikinsa, a cikin hannun nan kuma akwai 'yan siraran bututai da kayan aikin ƙwayar ke bi su kai ƙarshe. Tau shi ke riƙe bututan, kamar yadda katakan da aka gitta ke riƙe ƙarfen dogo. Idan sinadarin fosfet ya manne masa fiye da kima, sai ya saki bututan, siffarsa ta karkace, ya shiga like wa 'yan'uwansa. Da fari su biyu ne ko uku ko 'yan kaɗan, watau ƙananan dunƙule, sa'an nan su zama zare, zaren ya zama ƙulli. A 1991 Heiko Braak da Eva Braak suka nuna ɓarnar tana bin matakai shida, tana farawa daga sashen da ke adana sabon abin da mutum ya gani ko ya ji. Abin da ya sa ke nan mai cutar kan manta abincin da ya ci da safe, alhali yana tuna ƙuruciyarsa sarai.

An daɗe ana ɗora wa manyan ƙulle-ƙullen laifi, don su ido ke gani. Wani gwaji da Karen Ashe da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Minnesota a 2005 ya raunana wannan zato ƙwarai. Sun yi kiwon ɓeraye masu ɗauke da gurɓataccen tau irin na ɗan Adam, ta yadda za a iya dakatar da shi da magani. Da aka dakatar, sai tunanin ɓerayen ya farfaɗo, mutuwar ƙwayoyi ta tsaya, amma ƙulle-ƙullen suka ci gaba da taruwa. Ashe ba su kaɗai ne masu ɓarna ba.

Tun daga nan hankalin masana da yawa ya koma kan ƙananan dunƙulen. Saboda ƙanƙantarsu suna yawo cikin ƙwayar, su shiga mahaɗar da ƙwaya ke magana da 'yar'uwarta su raunana ta, su lalata sassan da ke ba ƙwayar ƙarfi. Mafi muni, sukan tsallaka zuwa ƙwaya ta gaba su karkatar da lafiyayyen tau da ke can. Irin wannan taruwa ta tau akan same ta har a ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan dambe waɗanda suka sha naushi a ka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da gushewar tunani, cutar Alzheimer kuwa ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 wani furotin dabam yake kawarwa, mai suna amiloid, kuma rage saurin cutar kawai yake yi. Magungunan da aka haɗa domin tau kansa suna matakin gwaji a jikin marasa lafiya.