Makarantar da aka sallama saboda ta cika cin wasa

Uwargida, mun saba jin an kori yaro daga makaranta saboda rashin ji ko yawan faɗuwa jarrabawa. To ga wani labari daga Amurka inda makaranta sukutum aka nuna wa ƙofa, laifinta kuwa shi ne ta fi ƙarfin abokan wasanta. Ranar 22 ga Mayun 2019, ƙungiyar wasannin kwalejojin jihar Minnesota, wadda aka fi sani da MIAC, ta sanar cewa za a cire Jami'ar St. Thomas daga cikinta ba da son ranta ba. Ba a kama ta da maguɗi ba, ba ta karya wata doka ba. Hasali ma tana cikin makarantu bakwai da suka kafa ƙungiyar shekara 99 kafin nan.

Kafin a gane yadda aka kai ga haka, sai an san yadda wasannin makarantu suke a can. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta kasa makarantu rukuni uku tun 1973. Rukuni na farko shi ne wanda yaranmu ke gani a talabijin, mai manyan filaye da kuɗi kamar ƙasa. Rukuni na uku kuwa na ƙananan kwalejoji ne, kuma dokarsa guda ce ta bambanta shi: ba a ba ɗalibi tallafin karatu don ya iya wasa. Wanda ya shiga fili ya shiga ne don yana so, gobe da safe yana aji kamar kowa. A wannan rukuni MIAC take. Nan ma akwai abin lura ga uwar da ɗanta ke mafarkin ƙwallo za ta kai shi Amurka: duk dillalin da ya yi miki alkawarin "tallafin wasa" a kwalejin rukuni na uku, riƙe jakarki da kyau. Tallafin da ake samu a irin waɗannan makarantu na ƙoƙarin karatu ne ko na rashin hali.

Makarantun baƙi da limaman coci

An kafa MIAC a watan Maris na 1920. Makarantun farko su ne Carleton, Gustavus Adolphus, Hamline, Macalester, Saint John's, St. Olaf da St. Thomas. Concordia ta garin Moorhead ta shigo a 1921, Augsburg a 1924, Saint Mary's a 1926. Dukkansu masu zaman kansu ne, kuma akasari majami'un Kirista da baƙi daga Turai ne suka gina su don 'ya'yansu. Mutanen Norway suka kafa St. Olaf da Augsburg da Concordia. Mutanen Sweden suka kafa Gustavus Adolphus, har suka sa mata sunan sarkinsu. Saint John's kuwa aikin limaman Katolika ne 'yan asalin Jamus, tun 1857. Hamline ta girme su duka, an kafa ta a 1854, kuma a can aka buga wasan ƙwallon kwando na farko tsakanin kwalejoji biyu, a watan Fabrairun 1895. Masu masaukin ne ma suka sha kashi, 9 da 3.

Manufar haɗuwar ba ta da wuyar ganewa. Makarantu ne na kusa da juna, girmansu kusan ɗaya, ana iya zuwa wasa a dawo ba tare da ɗalibi ya rasa darasin mako guda ba. Carleton da St. Olaf gari ɗaya suke, Northfield, kogi ne kawai ya raba su, kuma kofin da suke kokawa a kai siffar akuya gare shi. Wasan maƙwabta ke nan, na tsokana da alfahari.

Zaman bai tafi sumul ba. Carleton ta fice a 1925, ba ta dawo ba sai 1983. St. Olaf ma ta yi yaji a farkon shekarun 1950, ta dawo a tsakiyar shekarun 1970. Reshen jami'ar gwamnati da ke Duluth ya zauna a ƙungiyar fiye da shekara ashirin kafin ya kama gabansa. Mata kuwa sun daɗe a bakin fili suna tafi. Sai bayan dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya al'amura suka fara sauyawa, kuma a shekarun 1980 ƙungiyar ta rungumi wasannin mata, kwalejojin mata biyu, St. Catherine da Saint Benedict, suka shigo.

Kocin da ya hana a kira shi koci

In ana son ganin ruhin wannan ƙungiya, a duba John Gagliardi. Ya horar da 'yan ƙwallon Saint John's daga 1953 zuwa 2012, shekara sittin cur. Ƙwallon da ake nufi ita ce zari-ruga irin ta Amurka, wadda ake sa hular kwano ana ture juna, wasan da uwa ba ta iya kallonsa ba tare da gabanta ya faɗi ba. Gagliardi ya hana 'yan wasansa kayar da juna a lokacin atisaye, don ya ga babu dalilin da yaro zai karye ranar Talata alhali wasa sai Asabar. Ba ya busa usur, ba ya tsawa, atisaye ba ya wuce awa ɗaya da rabi, kuma ya ce a kira shi John kawai. Wanda ya zo neman shiga ba a mayar da shi gida, ko da benci zai ɗumama.

Mai jin wannan sai ya ɗauka sakaci ne. Amma mutumin nan ya ci wasa 489 a tsawon aikinsa, adadin da babu wani kocin jami'a a Amurka da ya taɓa kaiwa, ya kuma ɗauki kofin ƙasa sau huɗu: 1963, 1965, 1976 da 2003. Ya rasu a 2018.

A ɗaya gefen kuma ga Macalester, makarantar da ta yi suna a karatu. A can marigayi Kofi Annan na Ghana ya yi digirinsa na farko a fannin tattalin arziki, ya gama a 1961, kuma yana cikin 'yan tseren makarantar. Amma a zari-ruga, daga 1974 zuwa 1980 Macalester ta sha kashi sau 50 a jere. Daga baya, bayan kakar 2001, sai ta janye 'yan zari-rugarta daga gasar MIAC, ta bar sauran wasanninta a ciki. Al'adar da ke nan: wanda ya ga ruwa ya fi ƙarfinsa shi ke ja da baya.

Ranar 97 da nema

St. Thomas, jami'ar Katolika da ke birnin St. Paul, ta yi ta girma har ɗalibanta na digirin farko suka haura dubu shida, kusan ninki biyu na mai bi mata a ƙungiyar. Ta zuba kuɗi a filaye da ɗakunan motsa jiki. A 2008 ta ɗauko koci Glenn Caruso, kuma cikin 'yan shekaru 'yan zari-rugarta suka zama dodo. A sauran wasanni ma, na maza da na mata, kofuna sai tururuwa suke yi zuwa gida ɗaya.

Shekarar 2017 ta nuna fuskoki biyu na wannan ƙarfi. A watan Satumba mutum 37,355 suka cika filin Target Field na Minneapolis don kallon St. Thomas da Saint John's, taron da rukuni na uku bai taɓa ganin irinsa ba kafin ranar. A watan Nuwamba kuma St. Thomas ta lallasa St. Olaf da maki 97 da nema. Ki ƙaddara ɗanki ne a cikin waɗanda aka yi wa haka, yaron da ya baro ɗakin gwaje-gwaje ya sa kayan wasa, ya tsaya gaban ƙato ana ture shi har a tashi. A wasan da ake haɗa jiki, irin wannan tazara ba ta tsaya ga kunya ba, akwai tsoron rauni.

Shugabannin makarantu suka yi ta ganawa a asirce. Abin da ya fito fili shi ne wasu sun shirya ficewa in St. Thomas ta zauna, ƙungiyar kuma za ta watse. Dalilin da sanarwar ta bayar shi ne rashin daidaiton ƙarfi a fagen wasa.

Amurkawa da yawa sun yi wa MIAC dariya. Suka ce wane irin darasi ne wannan ga yara, a ce wanda ya yi ƙoƙari shi ake hukuntawa? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma yadda aka yi abin a ɓoye, aka sallami ɗan gida na shekara kusan ɗari, bai yi kyan gani ba. Sai dai a ganina masu dariyar sun manta abin da aka kafa ƙungiyar dominsa. Makarantar da ke da ɗalibai dubu biyu, in tana son ta kamo St. Thomas, dole ta karkatar da kuɗin malamai da ɗakin karatu zuwa fili, ko ta sassauta sharuɗɗan shiga don ta samu ƙarti. Shugabannin sun ƙi yin hakan. Ko a unguwa, in yaro ya girmi 'yan wasan layinsu, akan ce ya koma wajen sa'anninsa, ba don an tsane shi ba.

Ita ma St. Thomas ba ta faɗi ƙasa ba. A watan Yulin 2020 NCAA ta ba ta izinin tsallakewa daga rukuni na uku kai tsaye zuwa na farko, abin da ƙa'ida ba ta saba yarda da shi ba, kuma a 2021 ta fara wasa a ƙungiyar Summit League. Hassada ga mai rabo taki, in ji magoya bayanta.

Yau MIAC na da makarantu 13, duk a cikin Minnesota: Augsburg, Bethel, Carleton, Concordia, Gustavus Adolphus, Hamline, Macalester, Saint Benedict, St. Catherine, Saint John's, Saint Mary's, St. Olaf da St. Scholastica. 'Yan zari-rugar Macalester sun dawo gida a 2021. A shekarar ne kuma St. Scholastica ta garin Duluth ta maye gurbin da St. Thomas ta bari. Abin dariyar shi ne, a wannan shekara ta 2017 da ake ta kukan 97 da nema, Saint John's ta ci wannan St. Scholastica ɗin 98 da nema, kuma babu wanda ya ce a kore ta.

Babbar asarar ta faɗa kan masu kallo. Karawar St. Thomas da Saint John's, wadda aka fara tun 1901, kaka da jika ke zuwa kallonta tare. An buga ta ƙarshe a watan Oktoban 2019, Saint John's ta ci 38 da 20. Wadda aka shirya ta ban kwana a 2020, annobar korona ta hana.