Robot Ko Laparoskofi: Wanne Ya Fi Ga Mai Dajin Tumbi?

Idan ciwon daji ya kama tumbi, wato jakar da abinci ke sauka, babban maganinsa shi ne a yanke inda ya kama, wani lokaci ma a cire tumbin gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke kewaye da shi. A da sai an tsaga ciki. Yanzu akwai hanyoyi biyu da ke rage wannan yanka.

Ta farko ita ce laparoskofi. Likita zai huda ƴan ƙananan ƙofofi a ciki, ya hura iska cikin ya kumbura, ya zura kyamara da dogayen kayan aiki, yana kallon allo yana yanka. Likitan Japan Seigo Kitano ne ya bayyana yin ta ga dajin tumbi a 1994. Ta biyu ita ce ta robot, kuma na'urar da ta fi shahara ita ce da Vinci, wadda Amurka ta amince da ita a 2000. Kada sunan ya ruɗe ku, robot ɗin ba ya aiki da kansa. Likita ne ke zaune gefe yana sarrafa hannuwansa.

To, wanne ya fi? Hannun robot yana lanƙwasa kamar wuyan hannun mutum, yana kawar da rawar hannu, kuma jinin da ake zubarwa yakan ɗan ragu. Sai dai aikin ya fi daɗewa, kuɗinsa kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba. Wajen tsawon rai bayan tiyata kuwa, bincike bai nuna wani babban bambanci ba. Ƙwarewar likita ta fi na'urar tasiri.

Ga abin da ya shafe mu. Duka hanyoyin biyu sun fi amfani idan an gano ciwon da wuri. Shi ya sa a Koriya ta Kudu ake leƙa tumbin duk wanda ya kai shekara 40, sau ɗaya a shekara biyu. Mu kuwa a Gusau, Tsafe da Bungudu, da zarar ciki ya yi zafi sai a ce "olsa ce", a nufi kemis, a yi ta shan magani shekara da shekaru. Alhali ƙwayar cutar H. pylori da ke kawo gyambon ciki tana cikin manyan dalilan dajin tumbi, kuma ana iya gwada ta a kashe ta.

Don haka idan Baba ko Inna suna ramewa ba dalili, ko ƙoshi daga loma kaɗan, ko yawan amai, ko baƙin bayan gida, a daina jira. A kai su FMC Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a tambayi likita ko akwai buƙatar endoskofi, wato leƙa tumbi da kyamara ta baki. Idan da hali, za a iya tura su asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Zariya. Allah Ya ƙara mana lafiya.