Dala 40 a mako: Yadda wasan Arthur Miller ya nuna korar tsohon ma'aikaci

A watan Fabrairun 1949 aka fara nuna wasan kwaikwayon Death of a Salesman a birnin New York na Amurka. Marubucinsa Arthur Miller ya lashe kyautar Pulitzer da shi a wannan shekarar, kuma har yau ana ci gaba da nuna shi a ƙasashe daban-daban.

Labari ne na Willy Loman, wanda ya haura shekara 60, ya kuma shafe fiye da shekara 30 yana yawo da mota gari-gari yana tallata hajar wani kamfani. Da ƙarfinsa ya ragu, sai kamfanin ya yanke masa albashi, aka bar shi da kamasho kawai. Duk mako yakan ranci dala 50 wurin maƙwabcinsa Charley, ya kai gida a matsayin abin da ya samo.

Inda wasan ya fi ciwo shi ne ofishin Howard Wagner, matashin da ya gāji kamfanin daga mahaifinsa. Willy ya je roƙon a ba shi aiki a cikin gari, ya huta da tuƙi. Ya tarar hankalin Howard na kan sabuwar na'urar naɗar murya da ya saya, yana ta kunna masa muryoyin 'ya'yansa. Willy ya fara da neman dala 65 a mako, ya sauko 50, ya dawo 40. Na'urar kuwa dala 150 ce, kusan kuɗin wata guda na abin da dattijon ke roƙo.

Howard bai zage shi ba. Cikin ruwan sanyi ya ce masa ya je ya huta, kamfani ba ya buƙatar ya ci gaba da wakiltarsa. A ganina nan Miller ya yi dabara: bai mayar da mai kamfanin azzalumi ba, lissafi kawai yake yi. Alkawuran da Willy ya ce mahaifin Howard ya yi masa kuwa, na baki ne, sun bi mamacin.

Miller ya san wannan ramin. Mahaifinsa mai kamfanin ɗinka riguna ne da ya karye bayan faɗuwar kasuwar hannayen jari ta 1929. A lokacin da aka rubuta wasan, Amurka ba ta da dokar tarayya da ta hana korar ma'aikaci saboda shekarunsa. Sai a 1967 aka kafa wadda ke kare 'yan shekara 40 zuwa sama.

A ƙarshe Willy ya yi nasa lissafin. Yana da inshorar rai ta dala 20,000, sai ya ga gawarsa ta fi shi daraja a wurin iyalinsa, ya halaka kansa da mota. A ranar jana'izarsa matarsa Linda ta biya kashin ƙarshe na bashin gidansu. Babu ko mutum ɗaya daga kamfanin da ya halarta.