Bugatti Chiron: Motar da Aka Ƙera Guda 500 Kacal

A garin Kona, motar kirki ita ce wadda za ta ɗauki buhunan gero ta ratsa rairayi har Tasawa ba ta kafe ba. Chiron ba za ta iya wannan ba, cikinta dab da ƙasa yake. To me ya sa attajirai ke rububinta?

A garin Molsheim na Faransa aka riƙa haɗa ta da hannu. An fara nuna ta a 2016, aka gama ta ƙarshe a 2024. Injinta yana bayan direba: silinda 16, turbo 4, ƙarfin dawaki 1,500. Biyu daga cikin turbon ne ke fara aiki, sai juyin injin ya ƙaru sauran biyun su shigo, shi ya sa take fizga ba jinkiri. Tana kai kilomita 420 a awa, kuma nan ma da gangan aka taƙaita ta. Ni wannan aikin injin ne ya fi burge ni, ba ƙyallin jikinta ba.

Sauran darajar ƙarancinta ne, kamar ingarman dokin da ba kowane barga ke da irinsa ba. Lokacin da ake ƙera ta, kuɗin sabuwa ya haura sefa biliyan ɗaya da rabi.