Ko ka sani? Yadda rumbun bayanai ke karɓar dubban sunaye a lokaci guda

Ƙananan hukumomin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce ta ɗan Majalisar Wakilai, kuma sunayen masu zaɓensu suna cikin kundi guda da na sauran 'yan Najeriya, wanda ya ƙunshi mutum 93,469,008 a zaɓen 2023. Kundi mai wannan girma ya fi ƙarfin takarda, sai rumbun bayanai na kwamfuta.

Irin rumbun da ya fi yaɗuwa a bankuna da hukumomi, Edgar Codd ne ya fito da tsarinsa a kamfanin IBM a 1970. Ana jera bayanai cikin jadawali, kowane mutum da layinsa, kowane layi da lambar da babu mai irinta. Sunayen mutane na jadawali ɗaya, mazaɓu na wani, lambobi ne ke ƙulla su.

Shigar da layi ɗaya-ɗaya aikin wahala ne, kamar direban da zai kai masara daga kasuwar Sheme zuwa Funtuwa buhu ɗaya a kowane sawu. Duk sawu sai rumbun ya duba layin, ya rubuta shi a littafin da yake lissafa ayyukansa, ya tabbatar ya zauna a faifai, sannan ya ba da amsa. Shi ya sa ake haɗa ɗaruruwa ko dubban layuka a tura su lodi guda.

Rigimar tana tasowa ne domin mai lodin ba ɗaya ba ne. A ce na'urar rajista ta Faskari da ta Ƙanƙara sun tambayi lambar ƙarshe a daƙiƙa ɗaya, duka aka ce musu 500. Kowacce za ta rubuta 501, mutum biyu su tashi da lamba ɗaya. Maganinsa shi ne rumbun da kansa ya riƙa raba lamba, ya kuma ƙi duk wadda aka maimaita. Layin da wani ke aiki a kansa kuwa, sai a sa masa kwaɗo har ya gama. Akwai kuma ƙa'idar ko duka ko babu: idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke ana tsakiyar lodi, rumbun zai warware abin da ya shiga, kada a bar rabin aiki. A manhajoji irin su PostgreSQL da Oracle, mai karanta bayani ba ya jiran mai shigar da lodi. Tsohon bayani yake gani har lodin ya kammala.

Kwaɗon ma yana da tasa illar. Wannan ya kulle layin farko yana jiran na biyu, wancan ya kulle na biyu yana jiran na farko, an yi cirko-cirko ke nan, kamar motoci biyu a ƙaramar gada. Rumbun yakan gano hakan ya soke aikin ɗaya, mai shi ya sake turawa. Masu gwaninta sukan jera layuka bisa tsari ɗaya kafin turawa, su kuma daidaita girman lodi. Ƙarami ɓata lokaci ne, babba kuwa yana daɗewa riƙe da kwaɗo, kuma layi ɗaya mara kyau na iya mayar da shi baya dungurungum.

Abin da lamba ba ta kamawa shi ne mutum ɗaya da ya yi rajista a Sabuwa, ya sake yi a Faskari, domin kowace rajista da lambarta. Wannan sai an gwada zanen yatsu da hoton fuska. A rajistar da hukumar zaɓe ta INEC ta yi daga Yunin 2021 zuwa Yulin 2022, mutum 12,298,944 ne suka kammala sabuwar rajista. Tantancewa ta zubar da 2,780,756, saboda maimaici da wasu dalilai na rashin cancanta, aka ƙara 9,518,188 a kundin.