Shiri Kafin Aiki a Kwarin Rima

Ayyukan raya ƙasa iri biyu ne: wanda ake aunawa kafin a fara, da wanda yawan kuɗi ke ingizawa. Kwarin Rima ya ga duka biyun.

A 1969 masanan Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a bi aikin ban ruwa sannu a hankali. Da kuɗin man fetur suka samu, sai aka ba kamfanin Impresit na Italiya kwangilar madatsar Bakolori, aka gama ta a 1978. Ba a yi lissafi da manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar ba. Ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu ta ragu, kifi ya yi ƙaranci, rikicin diyyar gonaki kuma ya jawo asarar rayukan manoma a 1980.

Shirin Zauro, maƙwabciyar Gwadangaji, da gwaji aka fara shi: hekta 100 a 1982, kafin a taɓa babbar fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Sai dai babban aikin ya yi ta shan jinkiri shekara da shekaru.

Saboda haka wajibi ne ma'aikacin gwamnati, kafin ya sa hannu a kwangila, ya san wanda ruwan zai yanke wa, ya kuma yanka wa gwaji wa'adi.