Sa'ad da Ciwon Daji na Nono Ya Kai Hammata

Yau maganarmu a kan matar da ciwon daji ya kama ta a nono, har ya kai hammata. Maza, kada ku tashi, gama ku ne mazajensu da 'ya'yansu.

Dukanku kun san kaluluwa. In mutum ya yi gyambo a ƙafa, sai wani ƙullutu ya taso masa a gindin cinya. Irin waɗannan 'yan ƙullutai suna nan cikin jikin kowa, suna tace ruwan jiki kamar rariya, kuma akwai su da yawa a hammata. In ciwon daji ya tashi daga nono zai yi tafiya, hammata ce zangonsa na fari. Kaluluwar gyambo tana da zafi, takan kuma baje. Ta ciwon daji kuwa tauri gare ta, sau da yawa ba ta zafi, ba ta bajewa.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Ciwon da ya tsaya a hammata dabam yake da wanda ya wuce zuwa ƙashi, ko huhu, ko hanta. Na farin, likita yana yi masa magani da nufin warkarwa, mata da yawa kuwa sun warke. Na biyun ba a cika raba mace da shi ba, amma ana danne shi, a kashe zafinsa, ta ƙara kwanaki cikin iyalinta. Saboda haka kada wanda ya ji an ce "ya kai hammata" ya soma gaisuwar mutuwa.

Maganin yana da tsawo. Akwai na ƙarin ruwa, sau da yawa kowane mako 3, har watanni. Yakan zubar da gashi, ya kawo amai da kasala, amma gashi yana komowa. Sa'an nan a yi aiki, a cire nonon tare da kaluluwar, daga baya a gasa wurin da na'ura. Akwai wannan na'ura a asibitin Korle Bu a Ankara, da Komfo Anokye a Kumasi, an kuma buɗe ta a Yamai a shekarar 2021. Waɗansu matan akan ba su ƙwaya mai suna tamoxifen, ɗaya kowace rana, shekara 5 ko fiye. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne matar da ta sha magani sau biyu, ƙullutu ya ragu, ta ce ta warke, ta daina zuwa. Ciwon bai tafi ba, laɓewa ya yi. In kuwa zazzaɓi ya kama ta cikin watannin ƙarin ruwan nan, kada a ce cizon sauro ne a jira gobe. A kai ta asibiti a ranar, gama jikinta ba shi da ƙarfin faɗa da cuta.

Yanzu maganar hannu, ku matan kasuwa ku kasa kunne. Da yake an cire rariyar hammata, ruwa yana iya taruwa a hannun wannan gefen, ya kumbura, ya yi nauyi, ko bayan shekaru. Mai tuyan ƙosai ta yi hankali da fallatsar mai. Mai gyaran kifi ta kiyayi ƙaya da wuƙa. A cire awarwaro da zoben da suka matse. In ta yanke, ta wanke da sabulu nan da nan, in wurin ya yi ja da zafi ta ga likita. Amma kada ta naɗe hannun ta ajiye shi kamar ba nata ba. Ta riƙa motsa shi kullum, ta koma ɗaukar kaya kaɗan kaɗan. Kada kuma a bar wanzami ya yi masa tsaga ko ƙaho.

Na ji ana cewa ajiye kuɗi cikin rigar nono ke kawo ciwon. Ba haka ba ne. Ba sammu ba ne, ba alhaki ba ne, ba a kuma ɗaukarsa. Kana iya cin tuwon da ta tuƙa, kina iya sa hannu a ƙwarya ɗaya da ita. In kun guje wa rumfarta kun yanke mata kuɗin mota zuwa asibiti. Ke maƙwabciyarta, ki tsare mata kaya ranar da ta tafi. Ku 'yan adashi, ku ba ta ɗauka da wuri. Kai maigida, ka raka ta, ka ji bayanin likita da kunnenka.

In miki ya fashe yana wari, ko zafi ya hana ta barci, kada ta ɓoye don kunya. Akwai maganin da ke kashe warin, akwai kuma morfin domin zafi mai tsanani. Ta faɗa wa likita a fili, in na farin bai isa ba ta koma ta sake faɗi.